Bitar baindin na suwic mai ƙofa shida a Linux: daga ina ake farawa?

Nuraddin ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai faci uku da ake shirin aika wa masu kula da kenel ɗin Linux: sabon direban DSA (sashen kenel mai kula da irin waɗannan suwic) na wani suwic na Ethernet da ake sarrafawa ta SPI (layukan sadarwa tsakanin cip da cip), da fayil ɗin YAML na baindin ɗinsa (ƙa'idar yadda za a bayyana cip ɗin a Device Tree, wato bayanin kayan allo da kenel ke karantawa), da DTS (rubutaccen Device Tree) na allon gwaji. Bitar baindin ɗin ce ta faɗo kaina. Cip ɗin iri biyu ne 'yan gida ɗaya. Babban ƙofa shida gare shi, biyar masu PHY (ɓangaren da ke magana da wayar Ethernet) na ciki, ta shida RGMII ce (layukan haɗi na kan allo) haɗe kai tsaye da MAC (mai sarrafa Ethernet) na SoC, wato babban cip ɗin allon. Ƙaramin ƙofa huɗu, uku masu PHY, ɗaya RGMII. Ga misalin da ke ƙasan fayil ɗin, na sauya sunan kamfanin:

```
switch@0 {
    compatible = "kamfani,sw51xx";
    reg = <0>;
    spi-max-frequency = <10000000>;
    reset_gpio = <&gpio1 7 0>;
    num-ports = <6>;
    vlan-enable;

    ports {
        port@5 {
            reg = <5>;
            label = "cpu";
            ethernet = <&eth0>;
            phy-mode = "rgmii";
        };
    };
};
```

Fayil ɗin ya ƙare da `additionalProperties: true`, kuma `make dt_binding_check` ya wuce ba ƙorafi. Tambayoyina: suna ɗaya na `compatible` ya wadatar wa cip biyu? Wucewar gwajin nan ta isa a ce baindin ya yi? Sannan a kan kenel 5.10 da ya zo da allon, idan haɗin suwic da SoC yana kan gudun 1000 Mbps fakiti na ɓacewa, idan aka sauke shi zuwa 100 komai lafiya. Wannan na da alaƙa da baindin, ko matsalar direba ce kurum?

Injiniya Hauwa ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam Nuraddin. Bari in fara da tambaya ta biyu, don ita ce ta ɓoye sauran. Gwajin ya wuce ne saboda `additionalProperties: true` ya buɗe ƙofa ga kowa, duk abin da aka rubuta a reshen zai shige, har da kuskuren rubutu. A saka wannan a wurinsa:

```
allOf:
  - $ref: dsa.yaml#/$defs/ethernet-ports
  - $ref: /schemas/spi/spi-peripheral-props.yaml#

unevaluatedProperties: false
```

Ka lura `unevaluatedProperties` ne, ba `additionalProperties: false` ba. Na biyun ba ya ganin siffofin da aka gado ta `$ref`, don haka zai ƙi `dsa,member` da reshen ƙofofi da `spi-max-frequency` duk da halal ne. Na farkon yana leƙa abin da `allOf` ya kawo, sai ya ƙi baƙo kawai. Da ka gyara wannan ka sake gwaji, `reset_gpio` da `num-ports` da `vlan-enable` za su fito fili idan ba a bayyana su a `properties` ba. In ma an bayyana su, ba ɗayansu da zai tsira a hannun masu bita.

Ma'aunin da ake auna kowace siffa da shi ɗaya ne: abin nan a jikin allo yake, ko zaɓin manhaja ne? `vlan-enable` zaɓi ne. Mai amfani da na'ura shi ke kunna shi lokacin aiki da `ip link add br0 type bridge vlan_filtering 1`, DSA ta isar wa direba. `num-ports` kuwa maimaici ne: wanda ya san wane cip ne ya san yawan ƙofofinsa, kuma ƙofofin da aka fitar a allo su ne waɗanda aka jera a ƙarƙashin `ethernet-ports`. Shi `reset_gpio` abu ne na gaske a allo, sunansa ne bai yi ba. Sunan da kowa ya sani `reset-gpios` ne, da `maxItems: 1`, kuma ba a sa layin ƙasa a sunan siffa.

Dalilin tsananin shi ne baindin alkawari ne. Da zarar ya shiga kenel, za a ƙona DTB (DTS da aka harhaɗa) a na'urori a sayar, wasu ba za a sake taɓa su ba, amma ana so sabon kenel ya ci gaba da tashi a kansu. Wasu manhajoji da ba Linux ba, irin su U-Boot da FreeBSD, ma suna karanta waɗannan fayiloli, shi ya sa lasisin ya zama `GPL-2.0-only OR BSD-2-Clause`. Direba ana iya rushe shi a sake gobe. Siffar da ta shiga baindin kuwa mafi yawan abin da za a iya shi ne a rubuta mata `deprecated: true`, direba ya ci gaba da ɗaukar nauyinta shekara da shekaru.

Yanzu `compatible`. Wannan `xx` ɗin ba zai wuce ba. Ana son sunan cip na ainihi, kowanne da nasa, a cikin `enum`, kuma sunan fayil ɗin ya bi ɗaya daga cikinsu, `$id` ya dace da hanyar fayil. A duba ko sunan kamfanin yana cikin `vendor-prefixes.yaml`, in babu, facin kansa yake so. Amfanin raba sunayen ba ya tsaya ga direba. Da su ne ake taƙaita ƙa'ida: `if` ɗin da ya kama ƙaramin cip sai ya ce `reg` na ƙofa kada ya wuce 3, na babban kada ya wuce 5, tun da lambar ƙofofi daga 0 take farawa. Ana bayyana siffofi a sama, a taƙaita su a cikin `if` da `then`, ba a ƙirƙiro sabuwa a can ciki ba.

Wani zai ce ai Marvell suna da sunaye uku kacal ga cip da yawa: `marvell,mv88e6085`, `marvell,mv88e6190` da `marvell,mv88e6250`. Gaskiya ne, amma aikin waɗannan sunaye shi ne gaya wa direba inda rajistar shaida take, domin adireshin farkon ƙofofi ya bambanta tsakanin iyalan uku. Daga nan direba ya karanta lambar cip da kansa. Ko su ma sunayen cip ne na gaske, ba mai `xx`. Kuma farashin wannan tsari shi ne ƙa'idar ba ta iya sanin ƙofa nawa allo ya halatta ya rubuta. Ga sabon baindin ban ga dalilin bin wannan hanya ba.

Ƙofar CPU ɗinku ma ba ta cika ba. `label = "cpu"` a cire shi, DSA ba ta amfani da shi; kasancewar `ethernet` ita ke nuna ƙofar CPU ce, kamar yadda `link` ke nuna ƙofar da ta haɗa suwic da suwic. Abin da ya rage shi ne bayanin haɗi. `dsa-port.yaml` yana buƙatar `phy-mode` tare da ɗaya daga `fixed-link`, `phy-handle` ko `managed` ga irin waɗannan ƙofofi. Tun daga kenel 6.1 lambar DSA kanta tana duba haka, tana ɗaga ƙafa ne kawai ga jerin tsofaffin `compatible` da suka riga suka bazu. Naku sabo ne, ba ya cikin jerin, don haka abin da ke tashi a 5.10 zai faɗi da kuskuren `-EINVAL` a kenel na yanzu. A ƙara `fixed-link` mai `speed = <1000>` da `full-duplex`, a ɓangaren `eth0` ma haka.

Malam Bashir ya amsa:

Injiniya ta gama da ɓangaren ƙa'ida. Ni tambaya ta uku zan ɗauka, domin alamar da ka bayar kusan sa hannun jinkirin RGMII ce, kuma tana da alaƙa da baindin ƙwarai.

A gudun 1000, agogon RGMII 125 MHz ne, zagaye ɗaya 8 ns (nanosakan), ana ɗaukar bayanai a hawa da sauka, wato kowane 4 ns. Mai aikawa yana fitar da agogo da bayanai a tare. Idan suka isa a tare, mai karɓa zai ɗauki samfur daidai lokacin da layukan ke canzawa. Shi ya sa ake son agogo ya makara da kusan 2 ns don ya faɗi a tsakiya. A gudun 100 agogon 25 MHz ne, zagaye 40 ns, sarari ya yi yawa, kuskuren ba ya nunawa. Ka duba `ethtool -S eth0` da na ƙofar suwic: idan ƙididdigar kuskuren CRC (fakitin da suka iso a lalace) na hawa a gefe ɗaya kawai, ka san hanyar da jinkirin ya ɓace. Kurakurai a `eth0` na nufin hanyar suwic zuwa SoC. A ƙofa ta 5 kuma akasin haka.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ma'anar `phy-mode`. A Device Tree tana bayanin allo ne. `rgmii` zalla na nufin allon da kansa ya bayar da jinkirin ta hanyar tsawaita layin agogo. A kan FR4, kayan da aka fi yin allo da shi, ana buƙatar ƙarin layi kusan santimita 30 kafin a sami 2 ns, don haka in da an yi, za ka ga layi ya yi ta lanƙwasa kamar maciji kusa da cip. Yawancin allunan yau ba su da shi, layukan tsawonsu ɗaya, kuma abin da ya dace da su `rgmii-id` ne: allo bai bayar ba, dole silikon ya bayar. `rgmii-rxid` da `rgmii-txid` na allon da ya tsawaita gefe ɗaya ne kawai, abin da ba kasafai ake gani ba. Ka nemi zanen allon kafin ka yarda da abin da aka rubuta.

Idan akwai PHY a ƙarshen layi, al'adar Linux a sarari take: MAC ya bar wa PHY aikin. Naku MAC ne da MAC, ba PHY, don haka dole a faɗi wanda zai yi. A nan baindin ya kamata ya yi magana da `rx-internal-delay-ps` da `tx-internal-delay-ps` a ƙofar suwic, tare da ƙimar da cip ɗin ke iya yi da gaske. In kunnawa ko kashewa ne kawai, `enum: [0, 2000]`. In matakai ne, `minimum`, `maximum` da `multipleOf`, sannan `default`. Tun da sunan ya ƙare da `-ps`, wato fikosakan, ba a sake ba shi `$ref` na nau'i. `nxp,sja1105.yaml` misali ne mai kyau a duba. Kada a ƙirƙiro wata `kamfani,rgmii-delay = <3>` mai ɗauke da lambar rajista tsirara; ana rubuta fikosakan, direba ya juya. Kuma a kiyaye ninki: in SoC ya saka 2 ns suwic ma ya saka 2 ns a hanya ɗaya, an sami 4 ns, samfur ya sake faɗawa kan gaɓar canji, alamar ta dawo kamar ba a yi komai ba.

Abu biyu kuma da misalin ya tsallake. Na farko, wancan `0` na ƙarshen layin riset. Ƙafar riset ta irin waɗannan cip yawanci da ƙasa take aiki, don haka `GPIO_ACTIVE_LOW` ya kamata a gani, da `#include <dt-bindings/gpio/gpio.h>` a saman misalin. Sai ka buɗe direba ka tabbatar `gpiod_set_value_cansleep` da 1 yake riƙe cip a riset, da 0 yake sakinsa. Sau da yawa DTS ya juya, direba ma ya juya, kuskure biyu suka haifi allo mai aiki. Ranar da wani ya rubuta DTS daidai, cip ɗinsa zai kwana a riset, gyaran direba kuma zai karya allunan farko.

Na biyu, PHY na ciki. Baindin ya bayyana reshen `mdio` mai `$ref: /schemas/net/mdio.yaml#` da nasa `unevaluatedProperties: false`, kowace ƙofar waje ta nuna nata da `phy-handle`, `phy-mode` ya zama `internal` ko abin da takardar cip ta ce. Ko da yau lambar ƙofa da adireshin PHY sun zo ɗaya, a rubuta. Idan cip na da ƙafar katsewa, wadda yake sanar da SoC cewa wani abu ya faru, a bayyana `interrupts`, kuma in shi ke rarraba wa PHY, a ƙara `interrupt-controller` da `#interrupt-cells`. A duba nau'in: layin da ke zama ƙasa har sai an share rajista `IRQ_TYPE_LEVEL_LOW` ne. Aka rubuta shi a matsayin gaɓa mai sauka, katsewa ta biyu da ta zo kafin a share ta farko ba za ta samar da sabuwar gaɓa ba, sai a zare waya kenel bai sani ba. In ba a ba PHY katsewa ba, kenel na leƙa shi kowane sakan ɗaya. Yana aiki, a hankali dai.

Nuraddin ya sake rubutawa:

Na gode Injiniya, na gode Malam Bashir. Zanen allon ya nuna layukan RGMII tsawonsu ɗaya, don haka `rgmii` kuskure ne. Saura biyu. Direban yanzu ba ya amfani da katsewa sam, kuma bai taɓa fitilun LED ba. A bar su sai an rubuta lambarsu? Sannan rajistocin cip biyun iri ɗaya ne, ƙofofi kawai suka ragu. Ba za a sa ƙaramin ya zama madogarar babban ba, wato sunaye biyu a jere a `compatible`?

Injiniya Hauwa ta amsa:

Kada a jira direba. Jagorar `writing-bindings.rst` ta ce a cika baindin ko da direba bai kai can ba, ta ma kawo misalin katsewa. Ƙafar tana jikin cip yau, haka wutar da yake sha da agogon da yake karɓa daga waje. In an bar `interrupts` ko `clocks` ko siffofin `-supply` sai baɗi, ba za a iya mayar da su dole ba a lokacin, domin DTB na bana ba su da su. A rubuta su yanzu, a sa a `required` abin da cip ba ya aiki sai da shi kawai: `compatible` da `reg` tabbas, riset da katsewa kuwa akwai allunan da ba su haɗa su ba. Fitilu ba sa buƙatar ƙirƙira, `ethernet-controller.yaml` yana da reshen `leds` da ake sakawa a ƙarƙashin ƙofa, kowace fitila da `reg`, `color` da `function`.

Batun madogara, sharaɗinsa shi ne direban da ya san suna na biyu kawai ya iya tafiyar da na'urar daidai, ko da ba duk iyawarta ba. Gwada shi a nan. A cip mai ƙofa huɗu ƙofar CPU lamba 3 ce, a babban lamba 5. Direban da ya ɗauka ƙarami ne zai ga `port@5`, ya ce ta wuce iyaka, ya ƙi tashi gaba ɗaya. Juya shi kuma, babban ya zama madogara, direba zai taɓa rajistocin ƙofofin da babu su, ya ɗauki ƙofa ta 3 mai PHY ce. Ba ɗayan da ya cika sharaɗi. Sunaye biyu masu zaman kansu a `enum`, shi ke nan.

Malam Bashir ya ƙara:

Na yarda da hukuncin a wannan cip, amma kada Malam Nuraddin ya tafi da cewa madogara ba ta da wuri a suwic. Idan aka fitar da sabon zubi na cip ɗaya, ƙofofi da rajistoci ba su canza ba, sai dai zafin da yake jurewa ko kunshinsa, nan `items` mai suna na musamman sannan tsohon suna shi ne daidai, kuma direba ba ya buƙatar ko layi ɗaya. Kuma ko da `compatible` ya faɗi cip, direba ya karanta rajistar shaida ya kwatanta. Wannan karatun shi ne gwajin farko da ke nuna SPI na aiki: in ka sami 0x00 ko 0xff zalla, ka koma kan yanayin agogon SPI. Idan cip na buƙatar `spi-cpha` ko `spi-cpol`, baindin ya ambace su da kansa, ya sa su a `required`.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Sannunku da aiki. Abin da ya rage tsarin gwaji ne da tsarin aikawa, don nan ma faci na dawowa.

A fara da `pip3 install --upgrade dtschema yamllint`, domin tsohon dtschema na barin abubuwan da na masu bita zai kama. Sannan `make dt_binding_check DT_SCHEMA_FILES=net/dsa/`. A ba shi babban fayil ɗin duka, ba naku kaɗai ba. Wannan gwajin yana duba YAML ɗin da misalin cikinsa ne kawai. Allon gaske sai da `make ARCH=arm64 CHECK_DTBS=y` da sunan fayil ɗin `.dtb`, ko `make dtbs_check`. Akwai gwajin da na fi so mai bita ya yi da hannunsa: ya lalata misalin da gangan. Ya ƙara `port@7`, ya goge `fixed-link`, ya rubuta jinkiri 1234, ya saka siffar banza a cikin reshen `mdio`. Duk wanda ya wuce shiru, akwai rami a ƙa'idar, galibi wani reshe na ciki da aka manta ba a rufe ba.

A misalin kansa: sunan reshe `ethernet-switch@0`, da `ethernet-ports` da `ethernet-port@5` ga sabon baindin, duk da gajerun sunayen ma suna wucewa. Reshen ƙofofi na buƙatar `#address-cells = <1>` da `#size-cells = <0>`, naku babu su. A nannaɗe suwic ɗin a cikin reshen `spi` mai irin waɗannan biyun. Ba a sa `status` a misali. Lambar da ke bayan `@` heks ce, ƙofa mai lamba 10 `@a` ce. Ku ba ku kai can ba, amma a sani. Kuma a `description` kada a ambaci direba ko Linux, a faɗi abin da cip ɗin yake.

Wajen aikawa, baindin facinsa daban, yana gaban na direba, kansa ya fara da `dt-bindings: net: dsa:`. `checkpatch.pl` na yin gargaɗi in an cakuɗa su. A gudanar da `scripts/get_maintainer.pl` a kan sabon kenel don kada a tsallake masu kula da Device Tree, irin su Rob Herring da Krzysztof Kozlowski da Conor Dooley, da na DSA, Andrew Lunn da Vladimir Oltean. Baindin da direba suna bi ta `net-next`, rumbun da ake tara sababbin facin sadarwa, wanda ake rufewa lokacin makonni biyu na haɗa sabon kenel. DTS na allon kuwa ta hannun masu kula da SoC ɗin yake bi, don haka a cire shi daga jerin, a aika shi daban. In an sami `Reviewed-by` a zubi na biyu, a ɗauke shi zuwa na uku, sai dai in baindin ya canza sosai, a nan kuma a faɗi dalilin ajiye shi a bayanin canje-canje.

Bayan duk wannan in allo ya tashi ba `lan1` ba `lan2`, kafin a zargi baindin a karanta `/sys/kernel/debug/devices_deferred`. Sau da yawa suwic na jiran `eth0` ne, ko mai sarrafa GPIO na riset, wanda ba a kunna direbansa a `.config` ba.